Dattijo a kan keke ba karyayye ba ne

A garuruwanmu, in kana so a fara yi maka jaje ba tare da an yi maka rasuwa ba, ka bari sai ka kai shekara sittin ka hau keke ka ratsa kasuwa. Kafin ka isa gida labari ya riga ka: wane ya karye, ko kuma ƴaƴansa sun yi watsi da shi. Ɗan lakwal in ya hau keke ba mai kallonsa. Mai kai burodi ko ƙanƙara an san abinci yake nema. Amma mutum mai furfura, wanda ya yi aikin gwamnati har ya aurar da ƴaƴa, a gan shi ya naɗe riga yana taka feda? Wannan a wurinmu abin kunya ne, kuma kunyar ba tasa ba ce shi kaɗai, ta dangi ce gaba ɗaya.

Ni a ganina wannan kunyar tana cikin abubuwan da ke kwantar mana da iyaye, kuma mu matasa mun fi kowa hura mata wuta.

Da ba haka abin yake ba. Ku tambayi kakanninku yadda ake kallon mai Raleigh ko Peugeot a zamaninsu. Mushen lakwal a kan keke yake zuwa aji, malamin gona a kan keke yake zagaya ƙauyuka, masu bishara na majami'u a kan keke suke ratsa rairayi daga wannan gari zuwa wancan. Ana naɗe ƙarfen da leda mai launi, a sa masa madubi biyu da ƙararrawa, a wanke shi kamar doki. Yara kuwa su tara ƴan dalolinsu su je wurin mai keken haya don su yi zagaye ɗaya. Sai baburan China suka cika ƙasa, Kasea da ƴan uwanta, kabu-kabu ya zama sana'ar dubban matasa, adaidaita ta biyo baya. Ban ce wannan sharri ba ne, mutane da yawa a nan suke ci. Amma cikin shekaru kaɗan mun zama mutanen da ke tsayar da kabu-kabu don tafiyar da ba ta wuce daga gida zuwa bakin gudron ba. A daidai lokacin kuma tukunya ta canza: mai ya ƙaru, dunƙule ya ƙaru, lemon kwalba ya shigo, shayin fada kuwa sai sukari ya yi kauri ake cewa ya yi daɗi. Ci ya ƙaru, motsi ya ragu.

Sakamakon yana nan a gidajenmu. Wane gida ne a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai da ba shi da mai hawan jini ko ciwon suga? Wace unguwa ce ba ta da dattijon da aka ce jiya lafiya lau ya kwanta, yau ɓarin jikinsa ya shanye? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su ma san suna da shi ba, saboda ciwo ne da ba ya sallama. Ma'aunin da ake cewa ya wuce ƙa'ida shi ne 140 bisa 90, wanda a likitocinmu ake ce wa tansiyo 14/9. Hukumar ta kuma ce babban mutum yana bukatar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, motsin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga amma ka iya magana. Minti 150 ɗin nan rabin awa ne a kwana biyar. Ba wani abu ba ne mai yawa. Tambayar ita ce, a ina dattijo zai same shi? Gidan motsa jiki na masu kuɗi ne, kuma ba za ka ga baba a ciki ba. Ƙwallo ta wuce shi. Gudu yana cin gwiwa. Abin da ya rage shi ne tafiya a ƙasa da keke, kuma duka biyun mun riga mun buga musu tambarin talauci.

Ina da kawu a Maraɗi, yayan mahaifiyata, malamin lakwal da ya yi ritaya. Kirista ne, ni musulmi ne, kuma duk wanda ya san gidajen wannan yanki ya san ana samun haka: wani ya tafi masallaci, wani ya tafi majami'a, a dawo a ci tuwo a kwano ɗaya. Bayan ya aje alli, rayuwarsa ta koma tabarma da rediyo da butar shayi. Mutumin da ya shekara talatin yana tsaye gaban allo ya zama sai ya dafa bango yake tashi. Jiri ya fara ɗibarsa, barci ya ƙi. Da aka matsa masa ya je likitar unguwa, majo ya auna ya ce tansiyo ya kai 17, suga ma ya fara leƙowa. Ya rubuta masa magani, ya ce ya rage gishiri, ya kuma ce in bai motsa jikin nan ba maganin kaɗai ba zai riƙe shi ba.

Ya gwada tafiya a ƙasa, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Sai ya ɗauki wani abu daga fanshonsa ya sayi keke na hannu. Yana da shekara 63 lokacin, rabonsa da keke tun yana saurayi.

A nan rigimar ta tashi, kuma rigimar ce ta sa nake wannan rubutu. Ƴaƴansa, waɗanda suke sonsa tsakani da Allah, suka ce sam. Ɗaya ya ce zai saya masa babur. Ɗaya ta ce za ta riƙa biyan mai adaidaita ya kai shi duk inda yake so. Ba haɗarin hanya ne ya fi damunsu ba, ko da yake sun ambace shi. Abin da ya dame su shi ne me mutane za su ce, a ce suna aiki a Yamai ubansu na yawo a kan keke. Ku duba abin da kyau: likita ya ce mutum ya motsa, ƴaƴansa don ƙauna suna neman hanyar da za su zaunar da shi. Mun ɗauka jin daɗin iyaye shi ne kada su ɗaga ko tsinke. Muna saya musu kujera mai laushi da lemon kwalba da naman kaza, muna kai su kabari a hankali cikin ladabi.

Kawu bai yi musu da kowa ba, bai kuma aje keken ba. Makon farko ko zagayen unguwa bai iya gamawa ba, ya dawo yana haki, cinyoyi na zafi. Yana fita bayan an idar da sallar asuba, kafin rana ta buɗe ido, ya dawo kafin ƴan lakwal su cika hanya. Bayan wata biyu ya fara zuwa kasuwa da kansa. Kafin shekara ta zagayo yana kama hanyar Tsibiri ya je ya gaida abokansa ya dawo. Tumbi ya sauka, barci ya dawo, tansiyo ya zauna tsakanin 13 da 14. Maganinsa kuwa bai fasa sha ba ko na kwana ɗaya.

Ba sihiri a ciki. A kan keke sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki, don haka gwiwa tana aiki ba tare da ana dukanta da ƙasa ba, shi ya sa mai ƙiba ko mai ciwon gaɓɓai yake iya jure shi fiye da gudu. Naman cinya yana cikin mafi girma a jikin mutum, kuma duk lokacin da yake aiki yana jan suga daga cikin jini ya ƙone shi. Zuciya ita ma nama ce, in ta saba da aiki tana tura jini ba tare da wahala ba, jijiyoyi su saki. Motsa jiki a kai a kai yakan sauke tansiyon mai hawan jini da kamar rabin lamba a ma'aunin likitocinmu. Rabin lamba ba zai maye gurbin ƙwaya ba, amma in ka haɗa shi da rage gishiri da rage ƙiba, shi ne bambanci tsakanin wanda ake ƙara wa magani duk shekara da wanda nasa ya tsaya wuri ɗaya. Duk wanda ke sayen maganin baba a farmasi ƙarshen wata ya san me hakan ke nufi a aljihu.

Da ya cika shekara guda a kan keken, ya nemi a ba shi lokacin shaida a sujadar Lahadi, ya gayyaci dangi, muka je. Ga waɗanda ba su taɓa shiga majami'a ba, shaida ita ce mutum ya tashi gaban jama'a ya faɗi alherin da Allah ya yi masa. Galibi abin da ake ji shi ne an samu aiki, an haihu lafiya, an ci jarrabawa, an sayi mota. Da kawu ya ce ya zo ya gode wa Ubangiji saboda keke, sai da ƴan baya suka yi dariya. Ya bari suka gama. Sannan ya fara lissafi. Ya gode don jirin da ya kai shi likita kafin abu ya lalace. Ya gode don majon da bai ɓoye masa gaskiya ba. Ya gode don waɗanda suka haɗa maganin, ko da bai san su ba. Ya gode don mai facin bakin hanya da ke gyara masa taya wani lokaci kyauta. Ya gode don ƙafafu biyu da ya shekara sittin yana amfani da su bai taɓa tunanin kyauta ce ba. Ya tuna musu labarin da ke cikin Bisharar Luka, na masu kuturta goma da Yesu ya warkar, guda ɗaya tak ya dawo ya yi godiya. A Maraɗi wannan labari ba baƙo ba ne, ga asibitin Danja nan kusa da ke kula da masu wannan cuta tun 1956, mutane sun san me ake nufi da mutum ya warke ya koma cikin jama'a. Kawu ya ce ba ya so ya kasance cikin taran nan. Ƴan zumuntar mata suka ɗauki waƙa, ya miƙa baikonsa, ya koma ya zauna.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne irin godiyar. Mun saba da godiyar da ke share hannun mutane, a ce Allah ya warkar da ni, a yi shiru game da likita, wani lokaci ma a jefar da magani don a nuna ƙarfin bangaskiya. Wannan cuta ce da ke ɓangarorin biyu, kada wani ya nuna wa wani yatsa. Akwai mai wa'azin da zai ce wa mai ciwon suga ya bar allura tunda an yi masa addu'a, akwai mai magani a bakin tasha da lasifika da zai ce kwalba ɗaya ta raba ka da hawan jini har abada. Akwai kuma mu da muke cewa rai na Allah ne, muna ƙara cokali na huɗu a shayi. Rai na Allah ne, ba musu. To jikin fa, ba shi ya ba mu amanarsa ba? Kiristoci na koyar da cewa jiki wuri ne mai tsarki da ba a wulaƙantawa, mu ma an koya mana cewa lafiya amana ce da za a tambaye mu a kanta. Godiyar kawu ta ga Allah, ta kuma ga duk hannayen da alherin ya biyo ta cikinsu, har da nasa ƙafafun. Kuma godiya ce da ake sake yi kowace safiya da gumi.

Na tambaye shi daga baya, na ce, Kawu, dariyar nan ba ta ɓata maka rai ba? Ya ce, ɗana, wanda ya taɓa kasa tashi daga tabarma ba ya jin dariya.

Akwai wani amfani da ba a auna shi da na'ura. Mai mota yana wucewa a bayan gilashi, mai babur yana wucewa da ƙara, mai keke kuwa dole ya yi gaisuwa. Ritaya tana kashe mutum da kaɗaici kafin ciwo ya ƙarasa shi, musamman malamin da ya saba da hayaniyar yara. Yanzu kawu ya san mai shayin kowace kwana, tsoffin ɗalibansa na tare shi a hanya, limamin wata unguwa ya zama abokin hirarsa saboda a ƙofar gidansa yake tsayawa shan ruwa. Mu da muna ƴan lise lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, bai kamata mu raina irin wannan gaisuwar ba.

Yanzu bari mu zo kan abin da masu adawa ke faɗa, don wasu daga ciki gaskiya ne. Zafi gaskiya ne. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, dattijon da ya hau keke da tsakar rana kansa yake cuta. Lokacinsa sassafe ne ko bayan la'asar, da gorar ruwa. Ƙurar hunturu ma gaskiya ce, mai asma ya rufe hanci ko ya haƙura a ranakun hazo. Wanda ke shan maganin suga ko yin allura ya sa dabino a aljihu, don suga na iya faɗuwa a hanya. Wanda ya ji nauyi a ƙirji ko jiri ya sauka nan take. Kuma kafin a saya wa baba keke a fara kai shi a auna shi, ba kowace zuciya ce ke ɗaukar wannan aiki ba.

Amma babbar gaskiyar ita ce hanya, kuma a nan ne maganar ta tashi daga ta iyali ta zama ta ƴan ƙasa. Sau biyu babbar mota tana tura kawu cikin rairayin gefen titi, sau ɗaya har ya gurje hannu, direban ko waiwaye bai yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowa asara. An zuba kuɗi masu yawa a titunan biranenmu a bukukuwan 18 ga Disamba: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. A Yamai an yi gadojin sama. Garuruwan sun yi kyau, ba mai musu. To amma a titunan da nake bi, tunanin wanda ya zana su yana wurin mai mota. Inda aka bar ɗan gefe, rairayi ya binne shi, ko mai tebur ya kafa kaya, ko an mai da shi wurin aje motoci. Mai keke sai ya zaɓa: ya shiga tsakiyar adaidaita da tirela, ko ya nutse a yashi. Mutum nawa ne cikinmu ke da mota, da har za a gina gari don su kaɗai?

Ba sai mun duba Turai ba. A Wagadugu, ga ta nan maƙwabta, zafinsu irin namu, ƙurarsu irin tamu, akwai manyan tituna da aka ware wa masu ƙafa biyu layinsu, kuma tsoho da tsohuwa da ƴar kasuwa duk suna hawa ba wanda ke kallonsu. Tun 1987 suke gasar Tour du Faso. Wannan ya kawo ni kan iyayenmu mata, waɗanda ƙiba da ciwon gwiwa da hawan jini suka fi kamawa a ɗaka, kuma su ko maganar keke ba a yi da su. Yarinya tana hawa har ta kai shekara goma sha biyu, daga nan a ce ta girma. Matar da aka yarda ta tuƙa babur ta je aiki, ban ga dalilin da zai sa keke ya zama mata abin kunya ba.

Ga kuma maganar mai. Tun da Najeriya ta cire tallafi a watan Mayun 2023, man ƴan ruwa-ruwa da garuruwan iyaka suka dogara da shi ya daina araha. Gwamnati ta sauke lita zuwa tamma 499 a 2024, dala ɗari ba tamma ɗaya, amma a watan Maris na 2025 duk mun ga layin da aka yi a gidajen mai, ƙasar da ke da matatar SORAZ. A makonnin nan mutanen da ba su fasa harkarsu ba su ne waɗanda muke yi wa dariya. Ɗalibin da ke kashe dala ɗari ko fiye kullum a kabu-kabu ya zauna ya lissafa na wata shida, ya je ya tambayi kuɗin keke na hannu.

Abin da nake so ƙungiyoyinmu su kai gaban hukumomin gari ba ya bukatar biliyoyi. A share rairayin gefen manyan tituna, a ja layi, a hana aje mota a kai, ko da a titi ɗaya ne a kowane gari don a fara. Duk sabon titin da za a ba da kwangilarsa a nuna wa jama'a zanensa, mu ga inda mai keke da mai tafiya a ƙasa za su bi. A kafa ƙarfen ɗaure keke a kasuwa da lakwal da likita, don tsoron ɓarawo ma yana hana mutane fita da shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018, kuma rana ce da za mu iya amfani da ita mu fito da iyayenmu, ba don hoto ba, a kafa tebur a auna tansiyo kyauta, masu faci su duba birki.

A Kigali, birnin da ya karɓi gasar tseren keke ta duniya a 2025, tun 2016 suke rufe wasu manyan tituna ga motoci da safiyar Lahadi, da farko sau ɗaya a wata, daga baya sau biyu, mutane su fito su yi tafiya su hau keke, ma'aikatan lafiya na gefe suna auna masu so. Za mu iya gwada irinsa, titi ɗaya, awa biyu. Sai dai a nan kada a sa shi Lahadi da safe, kawu da ƴan majami'arsu suna sujada, kada kuma a sa shi Juma'a. Asabar, daga ƙarfe shida zuwa takwas, kafin kasuwa ta ci.